Wanda ya tafi ya dawo, ko wanda bai taɓa gusawa ba: wa ya fi sanin birni?

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan a taya ni taunawa.

Na gama karanta wani littafin Turanci mai suna Maximum City, na wani ɗan Indiya, Suketu Mehta, wanda ya fito a 2004. Ba ƙagaggen labari ba ne, abin da idonsa ya gani ne. A Bombay ya tashi, sai iyayensa suka yi ƙaura zuwa New York a 1977 yana ɗan shekara 14. Bayan shekara 21 ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo da zama, ya yi fiye da shekara biyu yana bin birnin lungu-lungu. Ya zauna da 'yan sanda, da 'yan daba, da 'yan siyasa, da masu shirya fim, da masu kwana a gefen titi. Littafin ya haura shafi 500, amma a kwana tara na cinye shi.

Abin da ya sa ya kama ni haka, ni ma haifaffen Ikko ne. A Agege aka yanke mini cibiya, mahaifina falken goro ne. Da ya rasu a 1999 aka dawo da mu Jos wajen kawuna a Gangare, ban sake taka Ikko ba sai bara. Na sauka a Agege ina ganin ko ido rufe zan kai gidanmu. Wallahi sau uku ina wuce layin. Gadar saman da aka yi a Pen Cinema ta rikita mini gabas da yamma. Gidan da muke haya, mai rijiya a tsakar gida da ɗakin da ake jera huhunan goro, ya zama bene hawa uku, ƙasansa duk shagunan waya. Ina tsaye na rasa inda zan nufa, sai wata tsohuwa Bayarabiya mai ƙosai ta ƙura mini ido, ta kira sunan mahaifina. Ta ce tafiyarsa nake yi, kafaɗa ɗaya a karkace. Ta yi mini Yarabanci na kasa mayar mata, ya zube mini gaba ɗaya, sai ta juya Hausa. A bakin titin nan na zubar da hawaye.

Tambayata biyu ce. Wa ya fi cancanta ya ba da labarin birni, wanda ya bar shi ya dawo, ko wanda bai taɓa gusawa ba? Ni a ganina wanda ya dawo ne, don shi ke ɗauke da tsohon hoton a ka. Ta biyu, me ya hana wani a cikinmu ya rubuta irin wannan da Hausa, a kan Ikko ko Kano ko ma Jos ɗin nan?

Malam_Dilimi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na karanta littafin shekarun baya. Ƙaramin ƙari kawai: a Kalkata aka haifi marubucin a 1963, Bombay rainonsa ta yi. Littafin kuma ya kai zagayen ƙarshe na lambar yabon marubuta ta Amurka, Pulitzer, a 2005, ko da yake bai ci ba.

Ina bayanka a tambayar farko. Ka lura ya bar garin ana ce masa Bombay, ya dawo ya tarar an mayar da shi Mumbai tun 1995, lokacin da jam'iyyar Shiv Sena ta hau mulkin jihar Maharashtra. Wanda ke ciki a hankali sunan ya shige masa baki har ya daina jin baƙuncinsa. Wanda ya dawo kuwa dole ya tambaya, wa ya canza, kuma me ya sa? Daga wannan tambayar rabin littafin ya fito.

MaiTumatir_FarinGada:
Yaya Ɗan_Agege, Allah ya gafarta wa Baba. Labarinka ya taɓa ni, amma ku yi mini haƙuri kai da Malam, ban yarda ba.

Shekarata 14 ina kai kaya kasuwar Mile 12 ta Ikko daga nan Farin Gada a Jos. Tumatir, kabeji, karas, wani lokaci dankali daga Bokkos. Mu bi ta Akwanga, mu ratsa Abuja, Lokoja, har Ibadan, in Allah ya kiyaye taya da shingayen hanya mu shiga Ikko cikin dare na biyu. Ka san yadda Mile 12 take ƙarfe uku na dare? Fitilun tireloli, 'yan dako tsirara daga ƙugu zuwa sama suna sauke kwanduna, ƙasa ta yi caɓalɓal da ruɓaɓɓen tumatir, dillali na haska kwando da tocilar waya yana danna na sama da yatsa ya ji ko ya yi laushi. Kwandon da aka taya maka da asuba, in ka yi taurin kai har hantsi ya ɗaga, sai ka sayar da shi ƙasa da haka kana godiya, domin tumatir ba ya jiran kowa. Wanka na kuɗi ne, bayan gida na kuɗi ne. Barci a kan benci a bakin masallaci, jakar kuɗi a ƙarƙashin kai.

Akwai yaran da na sani a can, daga Sakkwato da Jigawa da Nijar, wasu sun fi shekara goma ba su ga babbar gadar Ikko ta Third Mainland ba, wadda ake ta nunawa a talabijin. Ikkonsu daga rumfa zuwa masallaci ce. Su ne suka san garin, don su yake ci. Kai da ka koma, rijiyar gidanku ka tuna. Mutumin da ke zaune a benen nan yau tunaninsa nawa mai kura zai sayar masa da jarkar ruwa gobe. Wanda ya dawo yana da ƙofar fita, ranar da ya gaji zai hau mota. Wanda ba shi da inda zai je, shi ya kamata a tambaya.

Hajiya_Bauchi_Road:
Mai Tumatir ya faɗi gaskiya. Ganau ya fi jiyau, amma mazauni ya fi ganau.

Malam_Dilimi:
Alhaji Mai Tumatir, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma ko a Indiya an yi wa mutumin wannan sukar, cewa ɗan masu hali ne da ya zo daga Amurka. Sai dai ba yawon buɗe ido ya yi ba. Farkon littafin duk wahalar zama ce: neman gidan haya, neman tukunyar gas, famfo ya lalace, yara sun kwanta ciwo, neman makarantar da za ta karɓe su. Daga neman gidan nan ne ya tono wata dokar haya ta 1947 da ta daskarar da kuɗin hayar tsofaffin gidaje. Masu gida suka daina gyara tunda ba riba, 'yan haya suka ƙi tashi tunda ba za su sami araha irin wannan ba, gine-gine suka riƙa ruɓewa da mutane a ciki, sabon zuwa kuma sai dai ya kafa bukkar kwano. Miliyoyin mutane sun rayu a ƙarƙashin wannan doka, amma nawa ne suka zauna suka gano ita ce tushen matsalarsu? Yaran da kake magana sun san zafin Mile 12, ba musu. Amma in ka tambaye su wa ke da filin kasuwar, wa ke yanka harajin da suke biya, ina kuɗin ke zuwa, anya za su iya faɗa?

MaiTumatir_FarinGada:
Za su iya, Malam. Ba a tambayarsu ne kawai. Lokacin rikicin Maris 2016 da aka rufe kasuwar, 'yan jarida sun cika wurin, amma shugabanni aka saka wa makirfo. Yaron da ya kwana a cikin kwalbati ba wanda ya nemi jin ta bakinsa.

Ummu_Hanan:
Salamu alaikum. Ni fa na fara littafin nan ban ƙarasa ba, kuma da gangan na ajiye. Akwai inda ya zauna da wani ɗan Shiv Sena, mutumin yana ba shi labarin yadda suka cinna wa wani Musulmi wuta lokacin rikicin 1993, kuma wanda aka ƙona ɗin shi ke sayar masa da burodi kullum. Marubucin ya ci abinci da shi, ya bi shi gida, ya rubuta har yadda yake son 'yarsa. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ina amfanin ba mai kisa shafi guda ya yi bayanin kansa? Ga kuma babin matan da ke rawa a mashaya, wanda ba zan so 'yata ta karanta ba. In irin wannan ake so a rubuta a kan Jos, ni ina ganin gara a bar kaza cikin gashinta.

Likita_Pune:
Anti Ummu Hanan, na fahimci damuwarki. Bari in ɗan ba da asalin abin don waɗanda ba su sani ba. Ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe Masallacin Babri a Ayodhya. Rikici ya ɓarke a Bombay a Disambar da kuma Janairun 1993. Hukumar binciken da Mai shari'a Srikrishna ya jagoranta ta ce kimanin mutum 900 suka mutu, mafi yawansu Musulmi. Ranar 12 ga Maris 1993 kuma bama-bamai suka tashi a wurare da dama cikin birnin, mutum 257 suka mutu. Marubucin ya zauna da mutanen ɓangarorin biyu, har da shugaban Shiv Sena ɗin na lokacin, Bal Thackeray.

Na yi karatu a Pune, tafiyar awa uku zuwa huɗu ce zuwa Mumbai, don haka na sha shiga. Wani abokin karatuna ya kai ni gidansu a Mumbra, wani gari a bayan birnin da ya cika ya tumbatsa da Musulmin da suka tashi daga tsakiyar Bombay bayan wancan rikici. Mahaifiyarsa ta ɗauko mini makullin tsohon gidansu daga cikin gwangwanin ajiyar zare da allura. Gidan an sayar tuntuni, makullin kawai ta riƙe. Da na dawo Jos na ga irin wannan makullin a hannun gwaggota.

Abin da ban manta ba kuma jirgin ƙasansu. Fiye da mutum miliyan 7 yake ɗauka a kullum, ƙofofi a buɗe, mutane na reto a waje. Na taɓa makara a tashar Dadar, jirgi ya fara motsi, na bi shi da gudu da jaka a baya. Hannuwa uku suka miƙo suka fizge ni ciki. Ba wanda ya tambayi addinina ko ƙasata, ga ni baƙar fata a cikinsu. Marubucin ma ya yi maganar hannuwan nan. Birnin da ya ƙona mai burodi shi ne dai mai miƙo hannun, kuma ni ban ga yadda za a rubuta ɗaya a ɓoye ɗaya ba.

Ngo_Rayfield:
Sannunku 'yan uwa. Ummu Hanan 'yar uwata, ki bar ni in ce wani abu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na bar Jos a 1998 na bi maigidana Fatakwal, na dawo a 2012. Aminiyata tun firamare 'yar Unguwar Rogo ce. Da Sallah a gidansu nake wuni, mamarta ta koya mini dambun nama. Da Kirsimeti ita ke taya ni soya cincin. Da na dawo na ce wa mai keke ya kai ni Unguwar Rogo, sai ya juyo ya dube ni, ya ce Mama, ko dai ki kira ta ku haɗu a Terminus? Yaro ne ƙarami, bai faɗa da mugunta ba, shawara ya ba ni. 'Yan uwana da ba su bar gari ba ko a jikinsu, sun saba cewa akwai inda ake zuwa akwai inda ba a zuwa. Ni ce na yi kuka, don ni ce ban ga lokacin da aka ja layin ba.

Na je gidan daga baya, aka karɓe ni hannu bibbiyu, mama ta riƙe ni ta ƙi saki. Shi ya sa nake tare da Ɗan_Agege. Kuma game da mai kisa, a asibiti mun san ciwon da aka rufe da bandeji ba a wanke ba, ruɓewa yake yi. Na fi so in ji yadda mutum ke kaiwa ga ƙona maƙwabcinsa, ko na gane alamar tun tana nesa.

Ummu_Hanan:
Ngo, Allah ya saka da alheri, kin sa ni hawaye. Amma har yanzu ina tsoro. Indiya nesa take, mai karatu a nan ba zai gane kowa ba. Jos kuwa ko an canza suna, in aka ce mai shago a kwanar kaza, an san shi, an san 'ya'yansa.

Matashin_Arewa01:
Ai Shiv Sena ɗin nan maganar 'yan ƙasa da baƙi ce ta kafa ta tun 1966, wai Bombay ta Maratawa ce, wato 'yan asalin jihar Maharashtra. To mu a nan wa ya fara wannan maganar? A fito a faɗa mana!

Shugaban_Zaure:
Matashi, dakata. Dokar zauren nan tana nan: ba ma ɗora wa wata ƙabila ko addini laifi. A cikinmu akwai waɗanda suka rasa 'yan uwa a 2001, da 2008, da 2010, daga kowane ɓangare. Littafi ake tattaunawa. A ci gaba cikin mutunci don Allah.

Matashin_Arewa01:
Na ji, ranka ya daɗe. A yi haƙuri.

Sarkin_Kallo:
Ni abin da ya fi ba ni mamaki daban ne. Mu da muka tashi muna cika silimar Kwararafa don kallon Indiya, Bombay ɗin da muka sani ta bakin teku ce da manyan benaye da ruwan sama mai kyau. Ashe da yawan masu ɗaukar fitila da masu jan waya a wajen shirya fim ɗin a unguwannin kwano suke kwana. Na ji an ce marubucin nan ma ya sa hannu a rubuta wani fim na Sanjay Dutt da Hrithik Roshan, gaskiya ne?

Malam_Dilimi:
Gaskiya ne, fim ɗin ya fito a 2000, kuma ya ba da labarin yadda aka yi aikin a cikin littafin. Shi Sanjay Dutt ɗin ma shari'ar bama-baman 1993 ta shafe shi, kotu ta same shi da laifin mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba, ya yi zaman kurkuku.

Sarkin_Kallo:
Ikon Allah. Shekara nawa muna kallon garin nan ba mu san shi ba.

Zee_Unijos:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni a 2003 aka haife ni. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ke nan ban taɓa ganinta a raye ba. Tun ina ƙarama kango na sani, da 'yan tebur a kewaye, ban taɓa tambaya ba don na ɗauka haka Allah ya yi wurin. Sai da ƙanen babana ya dawo daga Saudiyya bayan shekaru masu yawa, muna wucewa a mota ya ce a tsaya. Ya fito ya riƙa nuna mini da hannu, nan layin 'yan atamfa yake, nan ake hawa sama, nan shagon kakanku. Babana kullum yana bin hanyar nan, bai taɓa faɗa mini ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce me zai ce? To ni dai a wajen wanda ya dawo na san garinmu.

Amma Yaya Ɗan_Agege, shafi 500? Sa'o'ina ba za su karanta ba, gaskiya. Sai dai a yi shi kashi-kashi a waya, ko a karanta da murya a saka a YouTube.

Baba_Kuza:
Jikata Zee, kar ki ga laifin babanki. Wanda abu ya ƙone a gabansa, bakinsa nauyi yake yi.

Jikana ke rubuta mini wannan. Na haura 80, a Bukuru aka haife ni, ubana leburan kuza ne da ya zo daga ƙasar Zazzau. Ban taɓa yin wata uku a jere a wajen Filato ba. Garin nan kuza ce ta tara shi, jirgin ƙasa ya iso, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina suka tarar da masu ƙasa, aka zauna. Na ga lokacin da ake wanke kuza da hannu a bakin kududdufi, na ga lokacin da kamfanoni suka tattara suka bar mana ramuka.

Kuna ta cewa wanda ya tafi da wanda ya zauna. To ni na zauna, amma telan da ya yi mini ɗinki shekara 30 ya koma wata unguwar da ƙafata ba ta kai yanzu, mai gyaran rediyona ya koma garinsu bai dawo ba. Ranar da aka kai ni ganin likita muka bi ta wata hanya, na tambayi jikana wace unguwa ce wannan, ya ce Baba ai nan ne ka ce kuna farautar gafiya. Wanda zai rubuta ya zo ya same mu tun muna da sauran numfashi. Sa'o'ina a masallacinmu saura mu uku.

Ɗan_Mararraba:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Daga Abuja nake bibiyarku. Mu nan matsalar daban ce, garin ya fi da yawa daga cikin mazaunansa ƙuruciya. A 1976 aka yi dokar kafa shi, a Disambar 1991 gwamnati ta taso daga Ikko. Wanda zai ce ya dawo ya ga canji na gaske sai Gbagyin da aka tasa daga ƙauyukansu. Mu kuwa ma'aikata muna kwana a jihar Nasarawa, mu fito tun duhun asuba don gosulon Nyanya. In za a rubuta Abuja, daga cikin motar haya ta ƙarfe biyar za a fara.

Kididdiga_Sani:
Tambaya a gefe: Ikko da Mumbai wa ya fi yawan jama'a?

Malam_Dilimi:
Ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba birnin Mumbai kimanin miliyan 12.4, in an haɗa da kewaye ya haura miliyan 18. Tamu ta 2006 ta ba jihar Legas miliyan 9.1, Kano miliyan 9.4, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa ta ce mutanenta sun kai miliyan 17.5. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, don haka kowa da lissafinsa.

Marubuciya_Rikkos:
Bari in taɓa tambaya ta biyu, tunda an bar ta a baya, kuma ni abin ya shafa. Na buga littattafai uku da kuɗina. Ba rashin masu basira ba ne, kuma ba rashin labari ba ne. Irin wannan aiki lokaci yake ci. Mutum ya ajiye sana'arsa shekara biyu yana bin mutane, yana zama da su har su saki jiki, sannan ya ƙara wasu shekarun yana rubutu. A ƙasashen da ake irin wannan, kamfanin ɗab'i kan ba marubuci kuɗi tun kafin ya fara. Mu nan kai za ka sayi takarda, kai za ka biya maɗaba'a, kai za ka ɗauki littafin a kwali kana bin shaguna, wasu su karɓa bashi sai ka manta. Wa zai ciyar da gidanka a shekarun nan?

Sai kuma abin da Ummu Hanan ta faɗa, wanda ya fi kuɗin nauyi. Mun tashi da cewa asirin gida ba ya fita waje. Na taɓa fara tattara labarin matan da suka rasa mazajensu a rikici, na zauna da guda bakwai. Ta huɗun tana cikin magana sai surukinta ya shigo, ya ce wa ya ba ni izini. Washegari ta aiko a ce in goge. Na goge, don haƙƙinta ne. Kaset ɗin sauran shida na nan a akwatina, na kasa ci gaba, na kasa zubarwa.

Duk da haka ina ganin Ikko ta fi sauƙin farawa. Hausawan Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Alaba Rago, zuri'a nawa ke nan? Akwai waɗanda kakanninsu a can aka binne su. Ga 'yan acaɓa da aka hana aiki a manyan sassan birnin a 2022, ina suka nufa? Ga Maroko da gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe a Yulin 1990, aka tashi dubban ɗaruruwan mutane, yau wurin manyan gidaje ne. Duk wannan da Turanci ake ba da labarinsa in ma an bayar, su kuwa mutanenmu da ke ciki ba sa karanta shi.

Direban_Tirela:
Hajiya marubuciya in kina son labarin Ikko ki zo gareji. Direbobi da yaran mota sun fi kowa sani. Mu ne muke tafiya muna dawowa kowane mako, mu ba mazauna ba mu ba baƙi ba. A wane layi za ku sa mu?

Hajiya_Bauchi_Road:
Wannan tambaya ta Direba ta fi ƙarfina.

Ɗan_Agege:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode ƙwarai. Baba Kuza, in ka yarda zan zo Bukuru ranar Asabar in gaishe ka.

Alhaji Mai Tumatir, maganarka ta hana ni sakat tun jiya. Na tuna na tsaya da tsohuwar nan kusan awa guda, duk hirar a kan mahaifina ce da gidanmu da rijiyarmu. Ban tambaye ta ina take kwana yanzu ba, tunda gidan da take haya shi ma an rushe. Ban tambaye ta ina 'ya'yanta ba, waɗanda muka yi wasan ƙwallo tare. Ta ƙulle mini ƙosai a takarda ta ƙi karɓar kuɗi, na hau mota na tafi. Abin da na rasa na je nema, ban dubi abin da ke gabana ba. Wannan ya dame ni.

Amma ban janye gaba ɗaya ba. Da ban tafi ba, da ba ta ga mahaifina a tafiyata ba, da ni ma wuce ta zan riƙa yi kullum kamar yadda baban Zee ke wuce Terminus. Ina da niyyar komawa bayan Sallah in yi ko wata guda ne, da littafin rubutu. Ban ce zan iya littafi ba, amma zan fara da ita, in Allah ya sa tana raye.

Malam_Dilimi:
Wata guda ya yi kaɗan, amma ka fara. Ka rubuta kwanan wata a kan kowace hira, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki murya.

Ummu_Hanan:
Ni dai roƙona, duk wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya, har unguwarsa.

MaiTumatir_FarinGada:
Yaya, har yanzu ina kan bakata, yaran Mile 12 sun fi ka sanin Ikko, kuma ko shekara za ka yi za su fi ka. Amma in da gaske kake, kar ka hau luksuriyos. Motarmu na tashi daga Farin Gada duk Talata bayan Isha'i. Akwai wuri a gaba kusa da direba. Ka taho da rigar sanyi saboda hanyar Riyom, da takalmin roba saboda kasuwa. In mun sauke kaya zan haɗa ka da wani dattijo ɗan dako da ya zo Ikko tun kafin a haife ka.

Direban_Tirela:
In motata ce ya zo da katin shaidarsa, ana tambaya a hanya.